Gugan Arzika Majemi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da, tun kafin kakannin kakanninmu. Sunansa Arzika, majemi ne. Ku saurara da kyau, don yau ban zo in faranta wa kowa rai ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san zalunci in na gan shi.

A garin nan rijiya ɗaya ce tak mai ruwa har bazara, zurfinta gaba ashirin. Majema kuwa an tura su bayan ganuwa, wai suna wari. Su ke jeme fata, su ke ɗinka gugan da gari duka ke jan ruwa da shi. Amma dokar gari ta ce majemi ba ya taɓa igiyar rijiya. Akwai wani kututture taku goma daga bakin rijiyar. Nan matan majema ke ajiye tuluna su tsaya, sai wata 'yar gari ta ga dama ta tsiyaya musu, daga sama, kada guga ya taɓa tulu. Kun ji? Gugan da mijinta ya ɗinka, shi ake kiyayewa kada ya taɓa tulunta!

Wata bazara, Kyauta, matar ƙanen Arzika, tana da ciki wata bakwai, ta tsaya a kututturen nan tun hantsi. Ta ce wa wata, "Yaya, don Allah guga ɗaya." Aka ce ta jira. Ta ce wa wata, "Inna, ki taimaka." Aka ce rana ta yi, ana sauri. Har azahar. Ta faɗi a wurin, cikin ya zube. Ruwa na taku goma daga bakinta.

Arzika bai yi ihu ba. Ya ɗauki sabon guga ya nufi zauren maigari. To majemi ba ya shiga zauren nan, daga waje yake durƙusawa wani ya kai maganarsa ciki. Shi kuwa ya cire takalmi ya shiga, ya ajiye gugan a gaban maigari da liman.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya jeme wannan?"

Maigari ya toshe hanci ya ce, "Wa ya bar wannan ya shigo?"

Arzika ya juya ga liman. "Allah gafarta malam, ruwan alwalarka a cikin me ake jawo shi? Hannun nan nawa ya kwana bakwai yana murza fatar. In hannuna najasa ne, ka rama sallolinka na shekara talatin. In kuwa ba najasa ba ne, faɗa musu."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wallahi shirun nan ya fi dukan ba ni haushi. Dukan kuwa an yi shi. Suka ja shi waje, suka karya masa yatsu biyu na dama.

Da ya koma unguwa, majema suka taru. Jatau, mijin Kyauta, idonsa jawur, ya ce, "Yaya, akwai mushen jaki a bayan gari. Mu jefa shi cikin rijiyar, kowa ya rasa."

Arzika ya ce, "Jatau, matarka ƙishirwa ta kayar. Yanzu kana so ka kayar da matar wani? Ba rijiya muke faɗa da ita ba, ita muke nema. Abu ɗaya za mu yi. Daga yau ba mai ɗinka guga, ba mai yi wa tsoho faci. Mu za mu riƙa zuwa fadama mu tono ruwa."

Fadamar nan tafiyar rabin yini ce, ruwanta ja kamar kunun kanwa. Suka sha shi haka nan. Shi kuma Arzika, da hannu a ɗaure, ya bi ƙauyuka bakwai a ƙafa, ya roƙi majemansu kada su sayar wa garin guga. Ba wanda ya sayar.

Guga ba ya daɗewa a bazara. Ɗaya ya yage, biyu, biyar. 'Yan gari suka ɗaura ƙwarya, ta fashe a jikin dutse. Suka ɗaura tukunya, ta tafi ba ta dawo ba. Wani ya ce ai jima ba wuya, ya jiƙa fata, ta ruɓe masa a tsakar gida.

To ku saurara, ga inda aka gwada Arzika. Maigari ya aiko a kira shi, har da shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Arzika, kai mutum ne mai hankali, ba kamar sauran ba. Na ba ka, kai da gidanka, ku ja ruwa da hannunku. Zan naɗa ka sarkin majema, da rawani. Sauran su ci gaba da tsayawa a kututture, kai ka lallashe su."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, Kyauta fa?"

"Ita ma na sa ta cikin gidanka."

"To matar Nomau fa? Da tsohuwar Barmo, da sauran majema? Su suka aiko ni. Ba su aiko ni in sha in dawo in ba su labarin daɗin ruwa ba. Riƙe rawaninka. A cire kututturen nan. Kuma duk ranar da za a yanke maganar gari a zauren nan, majemi ya zauna ciki, don abin da aka yanke ba mu nan, gobe a warware shi ba mu nan."

Aka kore shi. Kwana goma sha biyu, guga na ƙarshe ya yage. Matan gari da kansu suka cika ƙofar maigari da tulunansu ba ruwa. Ranar aka tumɓuke kututturen.

Arzika ya zo da guga ɗaya. Jatau ne ya ɗinka, don yatsun Arzika ba su ƙara riƙe allura ba har ya mutu. Gari ya tsaya yana kallo, aka ce ya ja. Bai ja ba. Ya miƙa wa Kyauta igiya ya ce, "Ke kika fi kowa jira." Ta ja. Ta cika tulunta, ta juya ta ga matar nan da ta ce mata ta jira, tsaye da tulu a bushe. Ta zuba mata, guga na taɓa tulu.

Jama'a, ga abin da nake nufi, ba ɓoye-ɓoye. Wanda ka ci gumin hannunsa, ba ka da ikon ƙyamar hannun. Shugaba kuwa shi ne wanda aka ba shi shi kaɗai ya ƙi karɓa. Kada ku girgiza kai ku ce mutanen da ba su da imani. Nan, a sahun nan, akwai mai cin tsiren mahauci ya ware masa kofi. Akwai wanda in za a zaɓi shugaban unguwa yake raɗa cewa, "Ai wane jikan bayi ne." Akwai wanda muka tura ya yi magana da yawunmu, ya dawo da fili da sabuwar riga, mu muna nan inda ya bar mu. Kun san kanku, ni ma na san ku. Kututturen nan bai mutu ba, kun ɗauke shi kun dasa a zukatanku. Ku je ku tumɓuke shi da hannunku, tun kafin ranar da za ku tsaya cikin rana kuna roƙon guga ɗaya, a ce muku ku jira. Allah ya sa mun ji.