Dutse Mai Jan Fenti

A garin Esquel, a gindin duwatsun Andes, akwai wani mai gyaran kekuna da ake kira Heriberto Llanquileo. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai fara'a, hannunsa a sake. Sai dai Allah ya zuba masa gaggawa da son sauƙi, kuma in ya yi kuskure, ya fi son ƙasa ta tsage ya shige da ya buɗe baki ya ce, "Ni ne." Tun yana yaro haka yake. In kofi ya fashe a gidansu, to kyanwa ce, ko da kuwa ranar kyanwar ba ta gida.

Yayarsa Griselda malamar firamare ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba abin da take so a duniya kamar hawan dutse. Ta gada ne wurin mahaifinsu, wanda ya riƙa jan su cikin duwatsu tun suna ƙanana, yana koya musu cewa duk wanda ya wuce tarin duwatsun alama ya ɗora masa ɗaya, kada ya rage ko ɗaya.

Da kakar ƙasar can ta shigo a watan Afrilu, ganyen itatuwan lenga ya yi jawur, sai Heriberto ya faɗo gidanta ranar wata Laraba. Ya tarar da ita da mijinta Osvaldo suna shan shayin mate, ƙoƙon yana zagawa tsakaninsu.

"Yaya, ƙarshen makon nan mu hau dutse mu kwana a tafkin nan da Baba yake kai mu," in ji shi. "Kafin ƙanƙara ta rufe hanya."

Osvaldo ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ɗan gaggawa, matata za ka kashe mini? Hanyar nan ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi ta."

"Ai ba da kai ake ba, sarkin kujera. Kai tsaya ka yi gadin murhu."

Griselda ta miƙa wa ƙanenta ƙoƙon tana murmushi. "Zan je, Auta. Amma ka sani gwiwata ba ta jiya ba ce. Ban da tsere."

"Wane irin tsere kuma? Kafaɗa da kafaɗa za mu tafi."

Alkawarin Heriberto kan tafiya a hankali bai taɓa wuce awa guda ba, wannan karon ma bai wuce ba. Ranar Asabar, tun suna cikin kurmi ya fara yin gaba yana dawowa, yana duban sama, yana tsaki. Da rana ta karkata suka fito daga itatuwa zuwa inda ba komai sai tsandauri da iska. Griselda ta zauna a kan wani falalen dutse tana murza gwiwa.

"Auta, zirga-zirgar nan taka ta fi hawan gajiyar da ni. Yi gaba ka kafa tanti, ka ɗora ruwan zafi. Na san hanya, alamu kuma suna nan."

Ba ta rufe baki ba ya saɓa jaka.

Kusa da tafkin akwai wani wuri da hanya take yaudara. Sawun da ya fi fitowa fili yana miƙewa gaba, amma na dabbobi ne, yana ƙarewa a bakin wani kwazazzabo. Hanyar gaske tana karyawa hagu, ta bayan wani ƙaton dutse, ta gangara tafkin. Don haka masu hawa suka gina tarin duwatsu a mararrabar, tsayinsa har ƙugu, da wani dutse mai jan fenti a kansa. A cikin tarin nan akwai duwatsun da mahaifinsu ya ɗora da hannunsa.

Heriberto ya karya hagu ya sauka. A bakin tafkin iska tana bugawa kamar ta ɗauke mutum. Ƙasar kuma ta ƙi karɓar turakun tanti, ya buga wannan ya lanƙwashe, ya buga wancan ya tsalle. Dole sai an danne da duwatsu. Duwatsun da suka dace suna tsallaken rafi, sai mutum ya cire takalmi ya shiga ruwan da yake yanka ƙafa. Ya dubi rafin, ya waiwaya ya dubi mararraba, wadda ba ta da nisa ko kaɗan.

"Aro zan yi," ya ce wa kansa. "In na gama sai in koma in tsaya a wurin da kaina. Ni da dutse wa ya fi iya nuna hanya?"

Ya yi ta jigila har tarin ya zama ba tari ba. Na jan fentin ma bai bari ba, don faɗinsa ya yi daidai da kusurwar ƙofar tanti. Tanti ya tsaya cak. Ya ɗora ruwa, ya haɗa mate, ya ce bari ya ɗan shiga ya ɗumama yatsu kafin ya koma. Ɗumi ya ratsa shi, gajiya ta danne shi, barci ya yi awon gaba da shi.

Da ya farka ya leƙo, gajimare ya sauko ya rufe komai, ko tafkin ba a gani. Ya yi wuf ya fito. Ya ruga mararraba yana ihu, "Yaya! Yaya Griselda!" Iska ta riƙa kwashe muryarsa tana watsarwa. Waya ba ta kamawa a wurin. Ya gangara hanyar da suka biyo yana kira, ya dawo, duhu ya rufe shi bai ji ko tari ba.

Sai da gari ya waye, gajimare ya ɗaga, sannan ya bi sawun dabbobi ya hango jar rigarta a ƙasan kwazazzabo. Ta zame ne ta faɗa, idon sawunta ya karye, ta kwana jikin wani dutse tana rawar sanyi. Ya sauka ya goya ta, yana kuka kamar yaro, ya kai ta tanti. A bakin ƙofa ya sauke ta don ya buɗe, ta zauna a ƙasa kanta a sunkuye. Ya lulluɓe ta, ya ba ta ruwan zafi. Allah ya kawo wasu masu hawa biyu, ɗayansu ya juya da gudu don kiran masu ceto.

A nan ne Heriberto ya yi abin da ya fi na farko muni. Yana tsaye a waje sai idonsa ya sauka a kan jan dutsen. Ya tuna masu ceto suna tafe, kuma duk garin sun san shi. Iska ta riga ta kwanta, tanti ba ya bukatar danni. Da ya ga yayarsa ta rufe ido, ɗayan baƙon kuma ya tafi ɗebo ruwa, sai ya kwashi duwatsun a gurguje ya mayar da su mararraba, ya ɗora jan a sama kamar ba a taɓa ba.

Da masu ceto suka ɗauko ta a makara ta marasa lafiya suka zo wucewa, babbansu ya dubi tarin ya girgiza kai. "Malama, ga alama ƙatuwa haka, yaya aka yi kika wuce ta?"

Griselda ta juya kai ta kalli tarin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Idona ne ya fara tsufa."

A asibiti aka sa mata ƙarfe a ƙafa, aka yanke yatsun ƙafar biyu da sanyi ya kashe. Likita ya ce za ta yi tafiya da sanda, amma ita da hawan dutse sai dai kallo daga taga.

Gari kuwa ya mayar da Heriberto gwarzo. Duk wanda ya kawo keke gyara sai ya dafa kafaɗarsa, ya ce ga wanda ya goyo yayarsa daga rami. Osvaldo da kansa ya rungume shi yana hawaye. "Ƙanena, na daina ce maka ɗan gaggawa. Ba don kai ba, da yanzu ni gwauro ne." Ya juya ga matarsa cikin tsokana. "Ke kuma, mai koya wa yara karatu, kin kasa karanta dutse ɗaya!"

Kowace kalma ta yabo tana sauka a zuciyar Heriberto kamar garwashi. Kunya ta hana shi barci, abinci ya daina yi masa daɗi. Ya shiga yi wa yayarsa hidima ba ji ba gani, ya faskara mata itace, ya gyara mata matakala, ya kai ta asibiti ya dawo da ita. Amma bai iya haɗa ido da ita ba, in ta miƙo masa ƙoƙon mate sai ya ce cikinsa ba daɗi. Hunturu ya zo ya wuce a haka, yana ramewa.

Wata rana da hantsi ya same ta ita kaɗai a tsakar gida, sandarta a jingine, tana goge takalman hawanta.

"Ɗiyar maƙwabta zan ba," in ji ta. "Ƙafarmu ɗaya. Bai kamata su ruɓe a ƙarƙashin gado ba."

Ganin takalman nan ya karya shi. Ya durƙusa a gabanta. "Yaya, ba idonki ba ne. Babu alama a wurin ranar nan. Ni na kwashe ta na danne tanti, na yi barci. Da safe kuma na mayar."

Ba ta daina goge takalmin ba. "Na sani, Auta."

"Kin sani?"

"Da ka sauke ni a bakin tanti, a kan me kake tsammani idona ya sauka? Dutsen da na sani tun ina ɗaure gashi da zare? Na gan shi a ƙofar tanti da safe, na gan shi a mararraba da rana. Dutse ba ya tafiya da ƙafarsa."

"To me ya sa kika yi shiru? Me ya sa kika bari suna yi miki dariya?"

Sai yanzu ta ɗago ta dube shi, idonta cike da hawaye. "Ɗaukar dutsen na yafe tun ina bayanka kana kuka. Iska ce, sanyi ne, wauta ce irin taka da na saba da ita. Amma mayarwar, Auta! Ina kwance ƙafata a karye, kai kana can kana gyara sunanka. Na yi shiru ne in ga yaushe ƙanen da na yi rainonsa zai zo da bakinsa. Kullum ka shigo da itace sai in ce yau ne. Ba itace nake jira ba."

Heriberto ya kifa kai a gwiwarta. Ta bar shi ya yi kukansa. Can ta tsiyaya ruwan zafi a ƙoƙo ta miƙa masa, wannan karon ya karɓa da hannu biyu.

"Sha," ta ce. "In ka gama, Osvaldo yana bayan gida yana gyaran shinge. Ni ka gama da ni. Saura shi, saura gari."

Ya ajiye ƙoƙon, ya miƙe, ya nufi bayan gida.

Darasin wannan labari shi ne, abin da aka ajiye don amfanin kowa ba naka ba ne ka ara don sauƙin kanka, domin wanda zai biyo bayanka yana iya zama wanda ka fi ƙauna. Kuma in kuskure ya riga ya faru, ka faɗe shi tun yana ɗanye. Gaggawar Heriberto ta ci wa yayarsa ƙafa, amma ɓoyewarsa ce ta ci mata zuciya, kuma duk hidimar da ya yi bayan haka ba ta kai nauyin kalma biyu da ya ƙi furtawa a kan lokaci ba: "Ni ne."