Agogon da Ya Canza wa Mutum Uba

An yi wani mutum, dillalin albasa a Aliero. Allah ya buɗa masa daidai gwargwado. Wata ranar kasuwar Jega ya hangi agogon aljihu a shimfiɗar ɗan gwangwan, na azurfa, da sarƙa, an zana tsuntsu da furanni a murfinsa. Ya saya. Mahaifinsa Kalilu, manomi daga Sabiyal, yana tsaye yana dariya: "Mi za ka yi da wanga abu, ga waya cikin aljihunka?"

To, ni ma tambayata ke nan. Agogon fa ko motsi ba ya yi! Amma in ya zauna a majalisa sai ya ja sarƙar a hankali, ya danna, murfi ya buɗe ƙyas. Kowa ya miƙo wuya. Ina ka samo? Nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Gogan ya ce gadon kakansa ne, wani hakimi, Bature ya ba shi. Har da rantsuwa.

Ya 'yan uwa, wanda ya ari kaka, ina zai kai ubansa?

Ya nemi auren 'yar Alhaji Maccido na Maiyama. Ranar gaisuwar iyaye tsoho Kalilu ya biyo shi da rigarsa mai faci. Aka tambaya ko wane ne. Bawan Allahn nan, ko kunya babu, ya ce, "Mai gadin rumbun albasata ne." Tsoho ya sunkuyar da kai.

Sai aka zaro agogo, kamar kullum. Alhaji Maccido ya karɓa, ya juya shi. Ya sa farce a bayansa, wani murfi na biyu ya buɗe, wanda gogan bai taɓa sanin da shi ba. Ga suna an karce da ajami a ciki.

"Sunan mahaifina ne," in ji Alhaji. "Shekara goma ke nan da aka fasa ɗakinsa aka ɗauke agogon nan. Kai da ka rantse gado ne, wa ya gadar maka?"

 Dillalin ya juya ga tsoho: "Baba, don Allah gaya musu!"

Tsoho ya miƙe. "Ba ɓarawo ba ne. Saye ya yi, a gabana. Amma ɗan da na je kasuwa da shi rannan, har yau ban sake ganinai ba." Ya sa takalmansa ya fita.

Aure ya watse. Manoman Sabiyal suka daina ba shi albasarsu, don wa zai amince da wanda ya musanta ubansa? Tsoho bai ga damina ba. A maƙabarta, wallahi, mutumin nan baya ya tsaya kamar baƙo.

Ya 'yan uwa, ado ba haram ba ne. Ƙarya da girman kai su ne halaka. Allah ya kiyaye mu da jin kunyar waɗanda suka haife mu.