Bushiya da Saƙon Nesa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Da Giwa za ta tafi fatauci, sai ta bar wa Bushiya tsaron awakinta, ta ce, "Saƙo biyu kawai za ki karɓa daga nesa: ba su ruwa, ba su dusa."

Bayan kwana uku sai ga Hankaka. "Giwa ta ce ki buɗe shinge, ki kora su rafi."

"Wannan ba ya cikin biyun."

"Ai kuwa za ta tattake ki."

Bushiya ta baza ƙayoyinta ta tare ƙofa. "To, ta zo da ƙafarta ta tattake ni."

Can sai ta jiyo Kura daga rafi tana zagin Hankaka, ashe ita ce ta aiko shi.

Ƙurunƙus, kan ɓera ne nan.