Malam Ilu da Injin da Aka Ɗumama

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

A'a, ban ji ba. Goro ne a bakin naku? Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa, haka nake so. Amma fa wannan ba ta dodo ba ce, ba ta gizo ba. Labarin wani bawan Allah ne, ku gyara zama.

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da mota ba ta yi yawa ba. Sunansa Malam Ilu. Sana'arsa sayar da injunan mota na hannu, wato waɗanda aka ciro daga jikin wata motar za a dasa wa wata. Rumfarsa ce ta ƙarshe a layin masu kayan gyara, can bakin kwata. Injuna uku ko huɗu ne kawai a ciki, kowanne a zaune a kan tsohuwar taya. Shi kuwa mai rumfar ɗan siriri ne, ba ya da yawan magana, farcensa kullum baƙi ƙirin saboda baƙin mai.

To ku saurara, don a nan labarin yake. Shi injin dizal, wanda kuke ce wa injin gas, halin tsofaffi gare shi. In jikinsa ya yi ɗumi, komai lalacewarsa zai tashi ya yi ta ruri kamar saurayi. Da sanyin safiya ake sanin gaskiyarsa. Ni ma da kuke gani, gwiwoyin nan nawa da rana tsaka ba ruwansu, amma ku zo ku gan ni da asuba ina neman buta! 'Yan kasuwar nan sun san haka sarai. Saboda haka kafin masu saye su shigo, sai kowa ya jona batir, ya tayar da injunansa su yi ɗumi, ya kashe, ya goge, ya zauna kamar bai yi komai ba. Kowa yana yi. Har ba a ganinsa laifi.

Malam Ilu kaɗai ne ba ya yi. Shi sai mai saye ya zo, ya ce masa, "Taɓa ka ji. Sanyi ƙalau, ko? To yanzu mu tayar." Har abokan sana'a suka sa masa suna Malam Sanyi. Maƙwabcinsa Alhaji Maikano, mai babbar rumfa, in zai wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam Sanyi, yau ma kasuwar ta yi sanyi?" Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Da godiya, Alhaji."

Kasuwar kuwa ta yi sanyin. A shekarar da nake ba ku labari, ya yi wata biyu bai sayar da ko ɗaya ba. Ga damina ta matso, ga rufin ɗakin matarsa Tabawa ya zama rariya. Kullum in hadari ya taso gabas sai ta leƙa ta ce, "Malam, ga shi nan fa yana tahowa." Ya ce, "In Allah Ya sa injin nan babba ya fita, kwanon rufi za a fara saye."

Ana nan sai ga wani direba daga wani ƙauye mai nisa, sunansa Sanda. Ƙauyensu mota ɗaya tak gare su, wata tsohuwar a-kori-kura. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke kai mai naƙuda. Injinta na fetur ya buga, bakanikensu ya ce gyara ya ƙare, a nemo na dizal a dasa, don ya fi ƙarfin ja a laka. Mutanen gari suka haɗa abin da Allah Ya hore, suka damƙa wa Sanda. Shi kuma Sanda, ban da amanar gari, akwai tasa damuwar. Matarsa Yalwa tana da tsohon ciki, haihuwarta ta baya da ƙyar aka sha, malamar asibiti ta ja masa kunne cewa wannan karon kada a yarda ta haihu a gida. Lissafin watanninta kuwa tsakiyar damina ya faɗa, lokacin da hanyarsu ke zama kunu.

Ya shigo kasuwa da wata igiya a aljihu mai ƙulli uku. Bakanike ne ya auna masa mazaunin inji a jikin motar, ya ƙulla, ya ce duk injin da ƙafafunsa ba su zo daidai da ƙullin nan ba kada ya ɗauko. Tun a bakin kasuwa wani dillali mai suna Kwasau ya tare shi. Kwasau ya dubi igiya, ya san injin Malam Ilu babba shi ne daidai. A ranar kuwa Malam Ilu ya tafi jana'izar wani maƙwabci, ya bar rumfa a buɗe. Sai Kwasau ya zaunar da baƙo wajen mai shayi, ya ce, "Sha ka huce gajiya, direba, ina zuwa." Ya zagaya ya jona batir, ya yi ta fama da injin har ya tashi, ya bar shi ya yi ɗumi, ya kashe. Sannan ya je ya ɗauko baƙonsa.

Malam Ilu yana dawowa daga maƙabarta ya tarar da rumfarsa ta cika da ƙara. Inji yana ruri, Sanda ya washe haƙora, igiya ta zauna ɗas a kan ƙafafun inji.

Kwasau ya ce, "Malam, ka dawo da ƙafar dama! Bugu ɗaya ya tashi, wallahi bugu ɗaya. Direba ya yaba, mun ma gama magana, kai kaɗai muke jira ka sallama."

Sanda ya ce, "Baba, wannan shi nake nema. Ka ji muryarsa kuwa?"

Malam Ilu ya yi musu sannu. Ya dubi ƙasa, ya ga tabon baƙin hayaƙi har wuri biyu, ɗaya ya riga ya bushe. Ya ce, "Kwasau, sau nawa aka tayar da shi yau?"

Kwasau ya ce, "Haba Malam, wace irin tambaya ce wannan a gaban baƙo?"

"Tambaya ce dai. Sau nawa?"

Kwasau ya matso kusa da kunnensa ya ce a hankali, "Malam, taimakonka na yi. Wata biyu fa. Ka tuna ɗakin iyali."

Jama'a, ku tsaya nan ku duba. Ba shi ya ɗumama injin ba. Bai yi ƙarya ba, bai yi rantsuwa ba. Abin da ya rage masa kawai ya yi shiru, ya miƙa hannu ya ce na sallama. Shiru kawai! Kuma ya tuna ɗakin, don ba a manta ɗakin da ke yoyo. Ya yi tsaye jim, kansa a sunkuye. Sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, motar taku da wane lokaci take fita in an sami mara lafiya?"

Sanda ya ce, "Ai ciwo ba ya duba lokaci, Baba. Galibi ma da asuba ne."

"To ba zan sayar maka da shi yau ba. Ni kaina tun da aka kawo shi ban gamsu da tashinsa ba. Ka kwana. Gobe bayan sallar asuba mu zo tare, ka taɓa shi da hannunka, sannan mu tayar."

Ran Sanda ya ɓaci. Ya ce, "Baba, in wani ya yi maka tayin da ya fi nawa, ka faɗa mini kai tsaye. Babbar motar da za ta ɗauki injin nan zuwa yankinmu yau da la'asar take tashi. In ta tafi, sai wani makon."

Malam Ilu ya ce, "Babu wani mai tayi. Mako guda za ka rasa. Zaurena yana nan, tuwo kuma ba ya gagara."

Kwasau ya tafa hannu ya ce, "Kun gani ko! Abinci ya zo har baki, mutum ya rufe leɓe. Malam Sanyi, kai dai sai addu'a." Ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Da suka isa gida Tabawa ta ji yadda aka yi, ta kai wa baƙo tuwo da ruwa, ta dawo ta tsaya a kan mijinta. Ta ce, "Malam, ni dai ban ce ka cuci kowa ba. Amma in ruwa ya sauko, kai za ka riƙa tashi kana zubar da robar tarar yoyo." Ya ce, "Na ɗauka."

Gari ya waye, suka yi sallah, suka nufi kasuwa. Malam Ilu ya kama hannun Sanda ya ɗora bayan hannun a jikin inji. Sanyi kamar randa. Aka jona batir. Inji ya ce gur-gur-gur, ya yi shiru. Aka sake. Ya yi tari, ya feso farin hayaƙi mai yaji, ya yi shiru. Sau bakwai, 'ya'yana, har batir ya fara kasala. Sai a na takwas ya tashi yana rawar ɗari. Malam Ilu ya kwance murfin baƙin mai ya ɗora shi a bakin ramin bai murɗa ba. Murfi ya yi ta tsalle har ya faɗi ƙasa. Ya ce, "Ka gani? Cikinsa ya cinye, numfashinsa ta sama yake fita. Wannan, ranar da aka kwana ana ruwa, sai dai ku tura."

Sanda ya nemi wuri ya zauna a kan taya. Can ya ce, "Baba, da yanzu ina hanya da shi, ina murna."

Malam Ilu ya ce, "Tashi, ba zama ya kama mu ba. Maza kafin mutane su fito su jona batir."

Ku ji fa. Mutumin da ya rasa cinikinsa, shi ne ya shiga gaba, baƙo yana binsa da igiya, rumfa rumfa. Inda mai rumfa ya riga su, Malam Ilu ya ɗora bayan hannu ya ji ɗumi, sai ya ce, "Allah Ya ba da kasuwa," su wuce. Haka har suka dawo rumfar wa? Rumfar Alhaji Maikano, mai yi masa ba'a. Alhaji yana buɗe ƙofa ke nan. Can a lungu akwai wani inji duk ƙura, ba a ko wanke shi ba. Igiya ta zauna daidai. Hannu ya ji sanyi.

Alhaji Maikano ya ce, "Ikon Allah! Malam Sanyi, yau dillanci ka koma? Bari a ɗan goge shi tukuna, ku je ku sha shayi."

Malam Ilu ya ce, "Mun sha, Alhaji. A tayar da shi haka."

Aka jona. Bugu ɗaya, ya ɗauka. Hayaƙi ya fito baƙi sau ɗaya, ya washe. Aka ɗora murfi, ya zauna abinsa yana ɗan motsi kamar mai gyangyaɗi. Alhaji da kansa sai da ya buɗe baki, don bai san yana da irin wannan a lungu ba. Aka yi ciniki. Sanda ya ɗebo wani abu cikin kuɗin zai ba Malam Ilu, shi kuwa Malam Ilu ya ce, "Mayar. Na mutanen gari ne, kuma za ku buƙaci gyaran giyar motar." Kwana shida ya ƙara a zauren nan yana jiran mota, Tabawa tana ba shi tuwo.

Damina ta sauka. Ɗakin Tabawa ya yi yoyo yadda ta faɗa, Malam Ilu kuma ya cika alkawari, shi ke zubar da roba.

A can ƙauye kuwa, wata rana aka kwana ana ruwa. Da assalatu naƙuda ta kama Yalwa, abin ya zo da gardama. Aka shimfiɗa mata katifa a bayan mota, mata biyu suna riƙe da ita. Mota ta kwana a waje, jikinta sanyi ƙalau, maza sun riga sun naɗe ƙafar wando za su tura. Sanda ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya. Ta ja su cikin lakar nan har ƙofar asibiti, aka shiga da Yalwa, kafin hantsi aka fito aka ce namiji, uwa da ɗa lafiya.

Bayan kwana goma sai ga Sanda a bakin kwata, da kwanon sha a ɗaure cikin ɗankwali. Ya durƙusa ya ce, "Baba, naman suna ne. Mai jego ta ce a gaishe da Inna. Takwaranka kuma yana gaishe ka."

Malam Ilu ya ce, "Takwarana?"

"Iliyasu aka sa masa."

Tsohon nan da ba ya da yawan magana, ranar sai da ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

To 'ya'yana, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ha'inci ba sai ka buɗe baki ka yi ƙarya ba. In ka san aibin abu ka yi shiru don a saya, ka ci amana, ko da wani ne ya shirya maka rufa-rufar. Kuma ba ka san inda abin da ka sayar zai je ya tsaya ba, ba ka san ran wa zai rataya a kansa ba. Kada ku ce ai mu ba ma sayar da inji. Ke mai tumatir da kike jera manya a saman kwando, injinki kike ɗumamawa. Kai mai akuya da ka ɗura mata ruwan kanwa kafin kasuwa, haka. Ke ma da aka zo tambayarki halin wanda za a ba amana, kika san gaskiya kika yi ta yabo, haka. Ku bar mutane su taɓa kayanku da sanyinsa. Wanda ya saya ya saya da saninsa, wanda ya fasa ku yi masa fatan alheri. Allah Ya ba mu ikon yi. Ku ce amin.

Malam Ilu bai yi arziki ba, kada in yi muku ƙari. Injin nan ya kwance shi ya sayar gunduwa-gunduwa, kowane ƙarfe da bayanin lafiyarsa, da kaka ya rufe wa Tabawa ɗakinta. Kwasau ya ci gaba da dillancinsa, amma bai sake taɓa batir a rumfar bakin kwata ba. Alhaji Maikano bai daina cewa Malam Sanyi ba, sai dai in zai saro inji, shi yake kira ya taɓa masa. Motar ta yi wa ƙauyen shekara goma sha ɗaya. Iliyasu kuwa ya girma, shi ya gaji ubansa a tuƙi. Nan labarina ya tsaya, a miƙo mini butata.