Totuwar da Ba a Jefa Ba

Ya ku ma'abota hankali, ku tattaro nutsuwarku, domin wannan batu ba na masu gaggawar hukunci ba ne.

A wata kwalejin horon malamai akwai daɗaɗɗen wasan kwaikwayo da ake yi duk ƙarshen shekara. A cikinsa akwai wani Bayahude mai magani, wanda mutanen birni suka ajiye a bayan ganuwa saboda addininsa. Ran da zazzaɓi ya kama 'yarsa ya zo neman ruwa, suka rufe masa ƙofa, har ta cika a hannunsa. Daga baya maciji ya sari ɗan hakimi, makarin kuwa yana cikin jakar Bayahuden. Ya ƙi buɗe ta. Yaron ya mutu, aka kori mutumin daga ƙasar. Bisa al'ada, a wurin korar nan 'yan kallo kan yi ta jifansa da totuwar masara suna shewa, abin da ni dai ban taɓa ganin ya dace da gidan ilmi ba.

Bana Malam Barau, malamin tarihi, wanda a bara ya binne tasa 'yar, shi ya fito a Bayahuden. Da ya durƙusa a ƙofar nan, kukan gaske ya ƙwace masa. Aka zo kora, babu hannun da ya ɗagu. Kowa ya fita da totuwarsa.

Washegari aka gurfanar da shi gaban dattawa uku: a raba shi da wasan, ko a bar masa.

Shugaban kwaleji ya bugi tebur. "Malam, ka wanke mai kisa a gaban ɗalibai. Me yaron nan ya yi masa?"

Goggo Indo, mai kula da ɗalibai mata, ta harzuƙa. "Ranka ya daɗe, ita yarinyar fa? Shekara da shekaru muna jifan ubanta, ba wanda ya taɓa tambayar sunanta."

Tsoho Malam Mantau, wanda ya koya wa dukansu wasan, ya ce, "Ku biyu kun ba ni kunya, kowa ya zaɓi gawar da zai yi wa kuka. Barau, kai da ka riƙe jakar, me ka gani?"

Barau ya ce, "Malam, da ni ne a ƙofar nan, wallahi ban san ko zan buɗe jakar ba."

Aka tashi ba a yanke komai ba. To, ku da kuka saurara, Bayahuden nan azzalumi ne ko wanda aka zalunta, kuma a bar wa Barau wasan ko a karɓe?