Kunnen da Ya Ji Farfela

Akwai wani injiniya, 'yan uwa, da aikinsa ƙera farfelar ƙananan jiragen ƙarƙashin teku ne, irin marasa matuƙi. Ana sakin jirgin ya yi watanni yana yawo shi kaɗai, saboda haka dole farfelar ta juya a hankali, ba ƙara, kada ta cinye batir.

Allah ya ba mutumin nan kunne. Zai kara shi jikin tankin gwaji ya ce, "Ku kashe, akwai abin da ke goga." A kwance injin, a tarar da 'yar tsaga kamar gashi. Kullum yana gaya wa abokan aikinsa, "Inji ba ya mutuwa sai ya yi kuka tukuna."

A gida kuwa yana da mata mai haƙuri. Har taƙama yake da ita, wai ba ta da ƙara, irin farfelarsa ce.

Ana tsakiyar haɗa sabon jirgi, numfashinta ya fara canzawa. In ta hau bene sai ta tsaya ta dafa bango. Wata safiya ta ce, "Baban yara, ƙirjin nan nawa fa..."

Idonsa na kan zanen farfela ya ce, "Gajiya ce. Bari mu saki jirgin nan, da kaina zan kai ki asibiti."

Ta ce to. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Aka saki jirgi, aka yi tafi. Kafin sati ya zagayo ta faɗi a kicin. Likita ya ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ba da alama. Mijin bai iya ɗaga kai ba. Ba ta dawo gida ba, a asibiti ta cika.

Bayan watanni abokin aikinsa ya kira shi, murya cike da murna. "Injiniya, jirgi ya dawo lafiya, har da sauran batir."

Yana tsaye a ƙasan benen nan, yana kallon inda tafin hannunta ya dusashe fentin bango. Ya ɗora nasa hannun a wurin, ya kashe wayar, ya yi kuka kamar ransa zai fita.

Wallahi na tausaya masa, amma ita na fi tausaya wa.

Darasi: Mai haƙuri ma yana jin ciwo, a hankali kawai yake faɗa. Ka saurari na gidanka yau, kada ka ce sai ka gama aiki. Ku tura wa wanda aiki ya ɗauke wa kunne.