Yadda Wouter Ya Zubar Da Makin Amanarsa

Akwai wani mutum a birnin Groningen mai suna Wouter Brinkhuis, gwani ne wajen gane saƙonnin 'yan damfara da tallan banza da ke cika wa mutane imel.

Yana cikin wata ƙungiyar 'yan sa kai masu tace irin waɗannan saƙonni. Wanda ya ga na banza sai ya kai rahoto, na'ura ta toshe shi ga kowa. Duk wanda rahotonsa ke fitowa gaskiya, makin amanarsa sai ya hau. Na Wouter ya kai inda in ya ce a toshe, shi ke nan, ba mai dubawa.

Sai girman kai ya shige shi.

Maƙwabciyarsa Femke ce ke tsara direbobin sa kai masu kai tsofaffi asibiti, kuma ta imel take sanar da su. Ita da Wouter ba sa ga maciji tun da ta kai ƙararsa aka sa ya rushe shingen lambunsa.

Rannan yana shan kofi ya hango ta tana fito da kekenta, ransa ya ɓaci. Ya kai rahoton adireshin imel ɗinta, ya kuma buɗe wasu asusu na ƙarya suka mara masa baya don kada a zarge shi.

Saƙonninta suka daina isa. Wani dattijo mai zuwa wankin ƙoda ya yi ta jiran direba a ƙofar gida cikin ruwan sama, ba wanda ya zo. Washegari motar asibiti ce ta ɗauke shi ranga-ranga.

Femke ta kai kuka wurin Tjeerd, shugaban ƙungiyar. Da ya bincika, ya tarar duk rahotannin daga intanet ɗin gida ɗaya suka fito, gidan Wouter. Ya kira taro.

"Kuskure ne," in ji Wouter. "Wa ya fi ni aiki a nan? Ku da ko saƙon ɓarawo ba ku iya ganewa sai na nuna muku!"

Femke ta miƙe tsaye. "Kuskuren uwar wa? Kan shinge ka kusa kashe mutum, mugu!"

"Ke rufe min baki!"

Tjeerd ya buga tebur. "Kai ne za ka yi shiru. Mun yarda da kai, ka mayar da yardarmu makami."

Aka share makin Wouter kaf. Aka kuma sa doka: maganar mutum ɗaya ba ta toshe kowa komai makinsa, asusun da suka fito daga wuri ɗaya kuwa murya ɗaya ce.

Bayan wani lokaci saƙon wasu 'yan damfara na gaske ya shigo wa Wouter. Da kallo ɗaya ya gane su, ya kai rahoto. Ya zauna yana kallon allo, na'urar ba ta ko motsa ba.

Darasi: In mutane suka yarda da maganarka, amana suka ba ka, kada ka huce haushinka da ita. Masu ba da amanar kuma kada su daina dubawa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.